YOGA A MA'AUNIN LIKITA: AMFANINTA, HAƊARINTA DA INDA MUSULMI ZAI TSAYA

Wannan shi ne jawabin da wani ɗan'uwa likita ya gabatar ga matasa a zaman da suka yi bayan sallar La'asar ranar Asabar ɗin da ta gabata. Wakilinmu ya halarci zaman, ya kuma rubuto mana shi. Mun ɗan taƙaita wasu wurare saboda ƙarancin fili. A sha karatu lafiya.

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki da Ya ba mu lafiyar da muka taru a nan da ita. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta da iyalan gidansa tsarkaka da sahabbansa managarta.

'Yan'uwa, maudu'in da aka ɗora mani yau na san wasu za su ji shi bambaraƙwai, wai namiji da suna Hajara. An ce in yi bayani a kan yoga. Wani zai ce, duk matsalolin da ke gabanmu a rasa abin tattaunawa sai motsa jikin Indiyawa? To bari in faɗi abin da ya jawo.

Akwai wani ɗan'uwa tela, shekarunsa ba su kai talatin ba, ya zo wurina da ciwon baya wanda ya fi shekara yana fama da shi. Tun safe yana kan keke har dare, in lokacin ɗinkin Sallah ne ma a shagon yake kwana. Da na tambaye shi abin da yake sha, sai ya zazzage mani leda: diclofenac safe da yamma, in abin ya yi tsanani a haɗa da tramol. Muka duba shi, ba karaya, ba wata cuta a ƙashi. Aka tura shi sashen gashi, suka koya masa wasu 'yan motsi da zai riƙa yi a kan tabarma. Ya yi sati uku yana yi, ya fara samun sauƙi. Kwatsam sai wani abokinsa ya shigo ya tarar da shi rub-da-ciki yana ɗaga ƙirji, ya ce masa, kai ai wannan yoga ce, bautar rana kake yi ba ka sani ba. Bawan Allah ya tsorata, ya daina. Bayan wata biyu ya dawo mani, ciwo ya dawo sabo, ledar ƙwayoyin kuma ta ƙara nauyi.

Abokin nan kishin addini ne ya sa shi magana, ban zarge shi ba. Amma ya yi magana ne ba da sani ba, kuma ƙodar ɗan'uwansa da tumbinsa ne za su biya, domin irin waɗannan ƙwayoyin in aka daɗe a kansu ƙoda da ciki suke ci. Ga kuma wasunku da suke kallon abin a waya suna kwaikwayo ido rufe, duk abin da mai koyarwa ya furta su maimaita. Duka ɓangarorin biyu suna buƙatar bayani.

INA ABIN YA SAMO ASALI?

Yawancinmu a fim ɗin Indiya muka fara ganinta: wani tsoho mai dogon gemu ya harɗe ƙafa a gindin bishiya ya rufe ido. Wannan hoton bai yi ƙarya ba. Yoga ta Indiya ce, kalmar kuma daga harshen Sanskirit take, tushenta yana nufin haɗa abu biyu, kamar yadda ake haɗa shanun huɗa da karkiya ɗaya. A asalinta hanya ce ta horar da rai a cikin addinan ƙasar, musamman Hindu, har da Buda da Jain. Babban littafinta shi ne wanda ake jingina wa wani malaminsu mai suna Patanjali, gajerun jimloli kimanin 195, wanda aka tattara a ƙarnukan farko na miladiyya. Ya kasa hanyar zuwa matakai takwas. Zaman jiki mataki ɗaya ne kawai, shi ne na uku, sarrafa numfashi kuma na huɗu. Sauran duk a kan ɗabi'a ne da tattara hankali da abin da su suke ɗauka kuɓutar rai. Abin da littafin ya faɗa a kan zaman jiki bai wuce jimloli uku ba.

Wani abu da zai ba ku mamaki, Musulmi sun san wannan littafin shekaru dubu da suka wuce. Abu Raihan Albiruni, masanin nan da aka haifa a Khawarizm a shekarar 973, ya koyi Sanskirit ya fassara littafin Patanjali zuwa Larabci, sannan wajen 1030 ya rubuta babban littafinsa a kan Indiya da aƙidun mutanenta. Bai zama ɗan Hindu ba, bai kuma ce a ƙone littafin ba. Ya karanta, ya fahimta, ya bayyana wa Musulmi abin da ke ciki. Wannan ita ce hanyar magabatanmu masana, a san abu tukuna sannan a yi magana a kansa.

To amma yogar da kuke gani a waya, wadda ake lanƙwasa jiki ana tsayuwa da ƙafa ɗaya, yawancinta sabuwa ce. Wani littafi na ƙarni na 15, Hatha Yoga Pradipika, siffofin jiki 15 kacal ya kawo. Littafin da B.K.S. Iyengar ya fitar a 1966 kuwa ya kawo kimanin 200. Daga ina ƙarin ya fito? A farkon ƙarni na 20, lokacin da Ingila ke mulkin Indiya, matasan ƙasar sun duƙufa wajen gina jiki, domin Turawa suna yi masu kallon raunana. Sai aka cakuɗa tsohuwar yoga da kokawar gargajiyarsu da atisayen Turai irin na makarantu da barikin soja. A 1924 Swami Kuvalayananda ya buɗe cibiya a Lonabla yana auna masu yoga da kayan asibiti. A shekarun 1930 Krishnamacharya ya riƙa koyar da samari a fadar sarkin Maisur, ɗalibansa ne kuma suka kai abin Turai da Amurka. A Disambar 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 21 ga Yuni a matsayin ranar yoga, bisa buƙatar gwamnatin Indiya. A Amurka, ƙididdigar hukumar lafiyarsu ta 2022 ta nuna kusan mutum ɗaya cikin manya shida yana yi.

Na kawo wannan tarihin ne domin ku gane cewa abu biyu ne ake kira da suna ɗaya. Akwai hanyar ibada ta wasu mutane, akwai kuma miƙar jiki da numfashi da aka ciro daga can aka gauraya da wasu abubuwa. Likitoci na biyun suka auna.

CIWON BAYA

A nan ne hujja ta fi ƙarfi, don haka zan ɗan daɗe. Ciwon ƙugu da gadon baya shi ne kan gaba a duniya wajen hana mutane aiki. An ƙiyasta mutum miliyan 619 ne ke fama da shi a 2020. Kada wani ya ɗauka ciwon tsofaffi ne. Ku dubi kanku: mai adaidaita sahu da ke yini a zaune yana shan gargada, ɗalibi da ke duƙe kan littafi, mai gyaran waya, mai ɗinki, mai dako a kasuwa.

Yadda abin yake shi ne, ƙashin baya jerin ƙananan ƙasusuwa ne, ɗaya bisa ɗaya, da ɗan matashi mai taushi a tsakanin kowane biyu. Shi kaɗai ba zai iya tsayuwa ba. Tsokoki ne suke riƙe da shi, na baya da na ciki da na ɗuwawu, kamar yadda igiyoyi suke riƙe da turken rumfa. In mutum ya yini a zaune shekara da shekaru, wasu igiyoyin sai su saki, wasu kuma su ɗaure tamau, musamman na gaban ƙugu da na bayan cinya. Ciwo ya fara. Da ciwo ya fara sai mutum ya ji tsoron motsi, ya riƙa tafiya kamar wanda ya haɗiyi taɓarya. Rashin motsin ya ƙara raunana tsokar, ciwon ya ƙaru. Yawancin ciwon baya da muke gani a asibiti irin wannan ne, ko an ɗauki hoto ba a ganin wani abin tsoro. Da can likitoci kan ce a je a kwanta a huta. Yanzu an gane cewa doguwar kwanciya ƙara shi take yi.

A 2017 an buga wani bincike da aka yi a birnin Boston na Amurka, kuma ina son sa domin a kan talakawa aka yi shi, ba masu hali ba. An ɗauki mutum 320 masu daɗaɗɗen ciwon baya aka kasa su uku. Kashi ɗaya ajin yoga sau ɗaya a mako har mako 12, kashi na biyu wajen likitan gashi, na uku aka ba su littafi su karanta. Sakamako ya nuna yoga ba ta gaza gashin asibiti ba wajen rage ciwo da dawo da mutum bakin harkokinsa. Waɗanda suka yi yoga da waɗanda suka je gashi kuma sun fi 'yan littafi barin ƙwayoyin kashe ciwo. A wannan shekarar ce ƙungiyar likitocin cikin jiki ta Amurka ta fitar da shawara cewa mai daɗaɗɗen ciwon baya a fara masa da abin da ba ƙwaya ba, suka lissafa motsa jiki da yoga a ciki.

Amma amana ta ilimi ta wajabta in faɗi ɗaya ɓangaren. A 2022 masana na Cochrane, waɗanda aikinsu shi ne tattara bincike su tace, sun haɗa gwaje-gwaje 21 da suka ƙunshi mutum fiye da 2,200. Abin da suka samu shi ne, in aka gwada yoga da zama haka nan ba motsi, tana da fa'ida, amma 'yar kaɗan ce. In kuma aka gwada ta da sauran motsa jiki na baya, bambancin kusan babu. Ma'ana, 'yan'uwa, babu wani sirri da aka ɓoye a tsaunin Himalaya. Sirrin shi ne ka motsa bayanka a hankali, kullum, ba fashi. Abin da yoga ta fi shi ne arha: ba injin, ba kuɗin rajista, ba sai da wutar lantarki ba. Tabarma da fili daidai tsawonka sun wadatar.

NUMFASHI DA HAWAN JINI

Babban mutum yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya. In hankali ya tashi numfashin yakan ƙaru, ya koma sama-sama a ƙirji. A jikinmu akwai tsarin jijiyoyi biyu da suke aiki ba da izininmu ba. Ɗaya na tashin hankali ne, shi ke sa zuciya bugawa da sauri in kare ya biyo ka. Ɗayan na natsuwa ne, shi ke sassauta bugun zuciya ya bar ciki ya narkar da abinci. Ba za ka iya ce wa zuciyarka ta rage gudu ba, amma numfashi yana hannunka, kuma ta nan ake shiga. Duk lokacin da ka fitar da iska a hankali, bugun zuciya yana ɗan sauka. In ka rage numfashi zuwa kamar sau shida a minti, na'urar da ke cikin jijiyoyin wuya mai lura da ƙarfin jini tana ƙara kaifi.

Ku saurari wannan da kyau, domin yana da alaƙa da mas'alar aƙida. A 2001 wani likita ɗan Italiya, Luciano Bernardi, da abokan aikinsa suka buga bincike a mujallar likitocin Birtaniya. Sun auna mutane suna jan addu'ar Katolika da Latin, sun kuma auna su suna maimaita kalmomin masu yoga. Duka biyun sun sauko da numfashi zuwa wajen sau shida a minti, duka biyun kuma sun yi tasiri iri ɗaya a kan zuciya. Addinai biyu mabambanta, harsuna biyu mabambanta, sakamako ɗaya. Ashe ba kalmomin ne suke aikin ba, tsawon numfashin ne. Saboda haka duk wanda ya ce maka sai ka furta kaza sannan za ka samu lafiyar, ka ce masa likitoci sun riga sun auna.

Dangane da hawan jini, a 2019 an tattara gwaje-gwaje 49, aka ga a matsakaici yoga tana sauke lambar sama da kamar 5, ta ƙasa da kamar 4, kuma inda aka haɗa da horon numfashi saukar ta fi haka. Wannan abu ne mai kyau. Amma wanda jininsa yake 180 a kan 110, ragin 5 ba zai fitar da shi daga haɗari ba. Na sha ganin dattijo ya ajiye maganinsa saboda wani ya ce masa ga hanya ta ɗabi'a, bayan 'yan watanni a kawo shi ɓarin jiki ya shanye. In kun koma gida ku gaya wa iyayenku: motsa jiki ƙari ne a kan magani, ba madadinsa ba. Ku ma kanku ku je a auna ku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin masu hawan jini ba su san suna da shi ba, kuma ina samun sa ga 'yan shekara 25.

Indiyawa da kansu sun yi babban gwaji, aka buga a 2020. Mutum kusan 4,000 da suka taɓa samun bugun zuciya, a asibitoci 24, rabi aka sa su a shirin yoga. Waɗanda suka yi sun fi jin daɗin jikinsu, sun fi saurin komawa harkokinsu. Amma a yawan mutuwa da sake kamuwa ba a samu bambancin da za a kafa hujja da shi ba. Masu abin ne suka auna suka faɗi gaskiya, wannan kuwa abin yabo ne.

Barci da damuwa kuma, mutane da yawa suna samun sauƙi, musamman in an yi miƙa da numfashi kafin kwanciya maimakon latsa waya har ƙarfe biyu. Na ga wasu suna sunkuyar da kai. (Dariya).

ABIN DA BA TA YI, DA INDA TAKE CUTARWA

Yoga ba ta warkar da ciwon suga, ba ta warkar da daji, ba ta maganin sikila. Ko a can Indiya, a 2024 kotun ƙolin ƙasar ta tsawata wa shahararren malamin yogar nan Baba Ramdev da kamfaninsa a kan tallace-tallacen da ke iƙirarin warkar da cututtuka, sai da suka buga neman afuwa a jaridu. Masu tallar magani a mota da lasifika ba a ƙasarmu kaɗai suke ba.

Kuma ba ta isa ita kaɗai a matsayin motsa jiki. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarta ga babba shi ne minti 150 zuwa 300 a mako na motsin da zai sa ka ɗan haki, da kwana biyu na ƙarfafa tsoka. Yoga mai sanyi ba ta ɗaga bugun zuciya sosai. Don haka mai ƙwallo kada ya bar ƙwallonsa, mai keke ya ci gaba da tuƙi, mai tafiya a ƙasa ya ƙara sauri. Mai neman rage tumbi kuwa, maganarsa tana wajen kwanon tuwo da lemon kwalba. (Dariya).

Sai haɗari. A Amurka an lissafa raunuka kusan 30,000 da aka kai sashen gaggawa sanadin yoga tsakanin 2001 da 2014, kuma adadin ya fi hauhawa ga waɗanda suka haura shekara 65. Ni kaina ban tsira ba. Shekarun baya na ga wani a bidiyo ya kafa kai a ƙasa ƙafafu a sama, na ce ai wannan ba komai ba ne, mun yi alkafura muna yara. Sati biyu na yi ba na iya waiwaye, in an yi mani sallama sai in juyo da jiki gaba ɗaya. Wuyan ɗan Adam ba a halicce shi don ɗaukar kilo 70 ba.

Wannan tsayuwa da ka tana da wata illa da ta shafe mu kai tsaye. An auna an ga tana ninka matsin ruwan cikin ido. Cutar hawan jinin ido, wadda likitoci ke kira gilokoma, ta fi yawa kuma ta fi saurin makantarwa ga baƙar fata, ga shi ba ta ciwo, sai gani ya tafi ake farga. Duk wanda akwai makanta a danginsa, ko mai hawan jini, kada ya kusanci duk wani motsi da zai sa kai ya koma ƙasa da ƙugu na tsawon lokaci. Mai kaba ya guji yunƙuri. Mai sikila kada ya riƙe numfashi, kada kuma ya bari ƙishirwa ta kama shi. Akwai wata iri da ake yi a ɗaki da aka zafafa zuwa digiri 40, Turawa har kuɗi suke biya su shiga. Mu da Allah Ya ba mu watan Afrilu kyauta ba mu da buƙatarta.

INDA MUSULMI ZAI TSAYA

Fatawa ba aikina ba ne, ga malamai nan a zaune. Abin da zan kawo shi ne yadda Musulmin da suke zaune tare da mabiya Hindu suka yi da mas'alar. A Nuwambar 2008 majalisar fatawa ta ƙasar Maleshiya ta hana Musulmi yoga, saboda abin da ke cikinta na ibadar wani addini. Hayaniya ta tashi, har firaministan lokacin, Abdullahi Badawi, ya fito ya ce ana iya yin motsa jikin matuƙar ba a haɗa da furta kalmomin ba. A Janairun 2009 majalisar malaman Indonesiya ta yi tafsili: wadda ke ɗauke da al'adun bauta da maimaita kalmominsu haramun ce, wadda kuma motsa jiki ce zalla don lafiya ta halatta. A Indiya, da za a yi bikin ranar yoga na farko a 2015, ƙungiyoyin Musulmi sun ƙi amincewa da abin da ake kira Surya Namaskar, gwamnati kuma ta cire shi daga tsarin bikin.

Shi wannan Surya Namaskar ma'anarsa gaisuwa ga rana. Jerin motsi ne guda 12, bisa al'ada ana fuskantar rana lokacin fitowarta, wasu kuma suna ambaton sunayen abin bautarsu a kowane mataki. To a nan abokin telan nan yana da gaskiya cewa akwai irin wannan. Kuskurensa shi ne ya ɗauka duk wanda ya kwanta rub-da-ciki shi yake yi. Shawarata a matsayin ɗan'uwa: wannan jerin ku bar shi, babu wata fa'idar lafiya a cikinsa da ba za ku samu a wani wuri ba. Kalmar "Om" da sauran abin da ake rerawa da harshen da ba ka ji, ka kame bakinka. Haɗa tafin hannu a sunkuya wa malami ko hoto ko gunki, babu ruwanka. In ka cire waɗannan, abin da ya rage shi ne tsoka da gaɓa da huhu, kuma babu al'ummar da ta mallaki miƙa. Ko kyanwa in ta tashi barci tana yi.

Akwai kuma wani kuskure ta ɗaya gefen da nake so in taɓa. Za ku ji wasu, da kyakkyawar niyya, suna cewa ai salla ma yoga ce, ruku'u yana gyara baya, sujada tana kai jini ƙwaƙwalwa. Ni ba na son wannan magana. Salla ibada ce, don an umurce mu muke yi, ko tana gyara baya ko ba ta gyarawa. Wanda ba ya iya tsayuwa yana yin ta a zaune, ladansa kuma bai ragu ba. Ranar da ka mayar da ita atisaye ka rage mata daraja, kuma ba ta ɗauke maka buƙatar motsa jiki ba. Masallatanmu cike suke da masu salla biyar a jam'i da suke fama da ciwon baya.

ABIN DA ZA KA IYA FARAWA GOBE

Bayan ka dawo daga sallar Asuba, kafin karin kumallo, minti 15 sun isa. Ka shimfiɗa tabarma a ƙasa mai tauri, ban da katifa. Ka kwanta rigingine, ka jawo gwiwa ɗaya zuwa ƙirji ka riƙe gwargwadon numfashi biyar, ka sake, ka jawo ɗayar. Daga nan, kana kwance, ka kafa tafin ƙafafunka a ƙasa ka ɗaga ƙugu sama har jikinka ya miƙe daga kafaɗa zuwa gwiwa, ka sauko a hankali, kamar sau takwas. Wannan shi ke tayar da tsokar ɗuwawu da zama ya kashe. Sai ka juya ka durƙusa a kan hannu da gwiwa, ka turo gadon baya sama kana fitar da iska, ka sake shi ƙasa kana shaƙa. Sannan ka kwanta rub-da-ciki ka dogara a kan gwiwar hannu, ƙirji ya ɗan ɗago, ƙugu yana manne da ƙasa. Wannan ne aka kama telanmu yana yi. In ka miƙe, ka tsaya kusa da bango da ƙafa ɗaya na rabin minti, ka canza. Yanzu za ka ga kamar wasa ne, amma ranar da ka kai saba'in shi zai hana ka faɗuwa a makewayi.

Ƙarshe ka zauna ko ka kwanta, hannu ɗaya a kan cibiya. Ka shaƙi iska ta hanci kana ƙirga huɗu, cikinka ne zai taso ba kafaɗa ba, ka fitar kana ƙirga shida. Minti biyar. In ka ji jiri ka koma numfashinka na kullum. Ƙa'idar duka ita ce, jan tsoka mai ɗan daɗi ba laifi, amma zafi mai suka kamar allura, ko wanda ke sauka ƙafa kamar wutar lantarki, alama ce ta ka tsaya. Kuma kada ka yi gasa da na cikin bidiyo, shi sana'arsa ke nan. Masu sana'ar zama, duk bayan rabin awa ko awa ɗaya ku miƙe ku ɗan taka, ko da zuwa bakin shago ne.

Sai dai akwai ciwon bayan da ba na tabarma ba ne. In ya zo da zazzaɓi, ko rama, ko zufar dare, ko tari da ya daɗe, a je asibiti, domin tarin fuka yana kama ƙashin baya kuma muna ganin sa a nan. In ƙafa ta fara rauni ko ta mutu, ko mutum ya kasa riƙe fitsari ko bayan gida, ko tsakanin cinyoyi ya daina ji, wannan na gaggawa ne, a ranar za a tafi, ba a jira gobe. Haka wanda ciwonsa ya biyo bayan faɗuwa ko haɗarin mota, sai an duba shi tukuna.

Telan da na ba ku labari, mun zauna da shi da abokin nasa, muka yi irin wannan bayanin. Ya koma kan motsinsa, mun kuma ɗaga masa kujerar keken da ɗan katako domin ta yi masa ƙasa da yawa. Tramol ɗin ne ya fi ba mu wahala, don jiki ya riga ya saba, sai da aka riƙa rage masa kaɗan-kaɗan ƙarƙashin kulawa. Duk wanda ya san yana cikin irin wannan hali, kada ya yanke shi rana ɗaya da kansa, ya same ni bayan an tashi, magana ce tsakanina da shi.

Na ga mai gabatarwa ya miƙo mani takarda cewa Magariba ta gabato. Masu tambaya a rubuce su ba shi, insha Allahu a zama na gaba sai mu fara da su.